Ɗaye fata da sinadari: Yadda ake yin sa, amfaninsa da haɗarinsa ga baƙar fata

Ɗaye fata da sinadari hanya ce ta gyaran fata da ake shafa ruwan asid mai ƙayyadadden ƙarfi a fuska, wuya, baya ko hannu, domin ya kashe wani sashe na fatar, ta saɓe, sabuwa ta tsiro a madadinta. A shagunan kwalliya da shafukan sada zumunta an fi jin sunansa na aro, wato "kemikal fil". Likitocin fata suna amfani da shi wajen rage ƙurajen fuska, baƙaƙen tabon da ƙuraje ke bari, rashin daidaituwar launin fata, kaushi da kuma ƙananan tamoji.

Abin da ya kamata mai sha'awar wannan gyara ya fara sani shi ne, ɗayewar ƙuna ce da ake yi da gangan, aka kuma auna zurfinta. Daga wannan zurfi amfaninta yake fitowa, daga nan kuma illarta take fitowa. Idan ƙunar ta tsaya inda aka nufa, fata takan warke da kyau. Idan ta zarce, sai a wayi gari da tabon da ya fi na farko muni. Wannan haɗari ya fi yawa ga masu baƙar fata, wato akasarin mutanen Najeriya da maƙwabtanta.

Yadda fata take da abin da sinadarin ke yi mata

Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Hawan sama siriri ne ƙwarai, a fuska kaurinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ƙwayoyin halittarsa suna tsirowa daga ƙasa, su yi ta hawa har su mutu su zube, kuma wannan zagaye yakan ɗauki kimanin wata guda ga matashi, ya ƙara tsawo yayin da shekaru suka ja. A gindin wannan hawa ne ake samun ƙwayoyin da ke samar da melanin, sinadarin da ke bai wa fata launinta.

Ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai kauri, wanda ke ɗauke da jijiyoyin jini, tushen gashi, mafitar zufa da maiƙo, da kuma zaruruwan kolajin masu riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta. Rauni a hawan sama yakan warke ba tare da barin shaida ba. Raunin da ya nutsa cikin hawa na biyu kuwa shi ne ke iya barin tabo na dindindin.

Asid ɗin da ake ɗayewa da shi yana aiki ta hanya biyu. Masu sauƙi suna kwance ɗanƙon da ke haɗa matattun ƙwayoyin fata, su zube da wuri. Masu ƙarfi suna daskarar da furotin ɗin fata nan take, kamar yadda zafi ke mayar da ruwan ƙwai fari. Shi ya sa idan aka shafa irin waɗannan, wurin yakan yi fari fat, kuma da wannan fari ne likita ke gane iya zurfin da sinadarin ya kai. Bayan haka jiki yakan shiga aikin gyara, sababbin ƙwayoyi su bazu daga tushen gashi da mafitar maiƙo su rufe wurin, idan raunin ya taɓa hawa na biyu kuma a samu sabon kolajin.

Taƙaitaccen tarihi

Tun zamanin da mutane ke shafa nono mai tsami da ruwan 'ya'yan itatuwa domin laushin fata, ba tare da sanin cewa asid ɗin da ke cikinsu ne ke aikin ba. Shigar wannan hanya fagen likitanci ta faro ne a Turai cikin ƙarni na 19. A shekarar 1882 likitan fata ɗan ƙasar Jamus, Paul Gerson Unna, ya yi bayanin yadda sinadaran salisilik, rizosinol, fenol da TCA ke ɗaye fata. A birnin New York na Amurka, George MacKee ya fara amfani da fenol wajen gyara tabon ƙuraje tun 1903, ya kuma wallafa sakamakon aikinsa a 1952 tare da abokiyar aikinsa Florentine Karp.

A farkon shekarun 1960 wasu likitocin tiyatar gyaran jiki biyu a birnin Miami, Thomas Baker da Howard Gordon, suka fito da haɗin fenol da man tsiron kuroton da sabulu da ruwa, wanda ya zama ma'aunin ɗayewa mai zurfi na tsawon shekaru. Sai a shekarar 2000 wani likita mai suna Gregory Hetter ya nuna cewa yawan man kuroton da ke cikin haɗin shi ne ke ƙayyade zurfin ƙunar, abin da ya ba da damar sassauta haɗin gwargwadon buƙata. A ɗaya ɓangaren, binciken Eugene Van Scott da Ruey Yu na 1974 a kan asid ɗin da ake samu a tsirrai da madara ne ya share fagen ɗayewa mai sauƙi da ta cika kasuwa a yau.

Akwai darasi a cikin wannan tarihi. Yawancin gwaje-gwajen farko a kan fatar Turawa aka yi su, kuma babbar matsalar da ake son magancewa ita ce tamoji da lahanin da rana ke yi wa farar fata. Daga baya ne aka mayar da hankali ga baƙar fata, wadda matsalolinta da yadda take karɓar rauni suka bambanta.

Matakai uku na zurfi

Masana sun kasa ɗayewa gida uku, gwargwadon inda ƙunar ke tsayawa.

Ɗayewa ta sama-sama tana tsayawa ne a hawan farko. Ana yin ta da asid na gilaikolik mai ƙarfin kashi 20 zuwa 70 cikin 100, ko salisilik kashi 20 zuwa 30, ko laktik, ko mandelik, ko TCA mai rauni. Fata takan yi ja ko duhu kaɗan, ta yi saɓa kamar ta hunturu, ta warke cikin kwana ɗaya zuwa bakwai. Sau ɗaya ba ya wadatarwa, galibi akan yi zama huɗu zuwa shida, da tazarar mako biyu zuwa huɗu a tsakani. Wannan ita ce ta fi dacewa da baƙar fata.

Matsakaiciyar ɗayewa tana ratsa hawan farko ta taɓa saman hawa na biyu. An fi yin ta da TCA mai ƙarfin kashi 35, sau da yawa bayan an fara shafa wani sinadari mai sauƙi domin ya share masa hanya. Fuska takan kumbura, ta yi ɓawo, ta ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe. Tana amfani ga tamoji matsakaita da wasu nau'o'in tabo, amma ga baƙar fata sai ƙwararren likita, shi ma da taka-tsantsan.

Ɗayewa mai zurfi kuwa da fenol ake yin ta, kuma tana kaiwa tsakiyar hawa na biyu. Aiki ne irin na tiyata. Ana ba da maganin kashe zafi ko na sa barci, a ɗaura ƙarin ruwa, a kuma sa na'urar lura da bugun zuciya, domin fenol yana shiga jini ta fata, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi, kuma idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya. Saboda haka ake raba fuska sashe-sashe, a bar tazarar kusan minti 15 tsakanin kowane sashe. Warkewa na ɗaukar mako biyu zuwa uku, jan fata kuma yana iya kai wata uku. Fenol yana raunana ƙwayoyin da ke samar da melanin, don haka yakan bar wurin da fari na dindindin. Wannan ya sa likitoci ba sa ba masu baƙar fata shawarar yin ta a fuska baki ɗaya.

Sinadaran da aka fi amfani da su

Asid na gilaikolik asalinsa daga rake ne. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, yana ratsa fata da sauri, kuma ba ya tsayawa da kansa. Dole ne mai aikin ya riƙe agogo, ya kashe kaifinsa da ruwan bekin soda ko ruwa mai yawa bayan 'yan mintuna. Jinkiri kaɗan na iya mayar da ɗayewar sama-sama ta zama ƙuna ta gaske.

Asid na laktik shi ne wanda ke sa nono tsami. Ya fi gilaikolik sauƙi, yana kuma taimaka wa fata riƙe danshi. Na mandelik daga ɗanyen almon mai ɗaci aka fara samo shi. Ƙwayoyinsa manya ne, shigarsa a hankali take, shi ya sa ake yawan zaɓar sa ga fata mai saurin yin tabo.

Asid na salisilik dangin asfirin ne. Yana narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya kutsawa cikin ramukan fata da suka toshe, yana kuma rage kumburi. Wannan ne ya sa ya yi fice wajen maganin ƙurajen fuska. Akwai kuma haɗin Jessner, mai ɗauke da sunan likitan da ya tsara shi, Max Jessner, wanda ya ƙunshi salisilik, laktik da rizosinol, kowanne kashi 14 cikin 100.

TCA shi ne mai faɗin aiki. Idan ya yi rauni ɗayewar sama-sama yake yi, idan aka ƙara masa ƙarfi ko aka maimaita shafawa sai ya nutsa. A 2002 wasu likitoci a Koriya ta Kudu suka wallafa wata dabara ta ɗiga TCA mai ƙarfi sosai a cikin ramin tabon ƙuraje kaɗai, da tsinke mai kaifin baki, ba tare da taɓa sauran fuska ba. Ana amfani da dabarar a yau ga tabo masu zurfi da ƙaramin baki.

Ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba ba shi kaɗai ke ƙayyade zurfi ba. Tsamin ruwan, yawan shafawa, tsawon lokacin da ya zauna, yadda aka goge maiƙon fuska kafin a fara, da kaurin fatar wurin, duk suna da tasiri. Fatar gefen ido da ta wuya sun fi ta goshi da hanci rauni nesa ba kusa ba. Kwalba ɗaya na iya gyara fuskar wani ta ƙona ta wani.

Dalilin da ya sa baƙar fata ke buƙatar kulawa ta musamman

A 1975 likitan fata na Jami'ar Harvard, Thomas Fitzpatrick, ya fito da ma'aunin rarraba fata bisa yadda take karɓar hasken rana, wanda daga baya aka faɗaɗa shi zuwa rukuni shida. Rukuni na ɗaya shi ne fara sol mai ƙonewa da zarar ta sha rana, na shida kuma baƙa wuluk. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna rukuni na biyar da na shida.

Yawan ƙwayoyin da ke samar da melanin kusan ɗaya ne tsakanin baƙi da fari. Bambancin shi ne, na baƙar fata sun fi himma, kuma duk abin da ya fusata fata, ko ƙurji ne, ko cizon sauro, ko ƙuna, yana sa su ƙara zubo launi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙurji ɗaya ke barin baƙin tabo na watanni a fuskar Bahaushe. Tunda ɗayewa ita ma rauni ce, tana iya haifar da ainihin matsalar da aka je magancewa. Idan launin ya tsaya a hawan sama yakan dushe cikin watanni. Idan ya zube cikin hawa na biyu, yana iya ɗaukar shekaru.

Haɗari na biyu shi ne kishiyar wannan, wato ƙunar ta kashe ƙwayoyin launi, wurin ya yi fari dabbare-dabbare, wanda gyaransa ya fi wuya. Na uku shi ne tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira kiloyid, irin wanda ke fitowa a kunnen wasu bayan huda ko a haɓa bayan aski. Wannan tabo ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, kuma ya fi son ƙirji, kafaɗa da gefen muƙamuƙi.

Duk da haka, ba a ce baƙar fata ba ta ɗayuwa ba. A 1999 likitar fata Ba'amurkiya, Pearl Grimes, ta wallafa sakamakon gwajin salisilik mai ƙarfin kashi 20 da 30 a kan mutum 25 masu duhun fata, waɗanda ke fama da ƙuraje, baƙin tabo ko yawan maiƙo. An fara shirya fatarsu na mako biyu, aka yi musu zama biyar. Kashi 88 cikin 100 sun samu sauƙi a bayyane, illolin da aka gani kuma ƙanana ne masu wucewa. Abin lura a nan shi ne sharuɗɗan da aka bi: sinadari mai sauƙi, shiri kafin a fara, ƙara ƙarfi a hankali, da kuma idon likita.

Abin da take magancewa da abin da ba ta iyawa

Ɗayewar sama-sama tana taimakawa ga ƙurajen fuska marasa tsanani, toshewar ramukan fata, baƙin tabon da ke hawan sama, da kaushi. Tana kuma cikin hanyoyin da ake haɗawa wajen kula da melasma, wato baƙin shatin da ke fitowa a kumatu, goshi da saman leɓe, musamman ga mata masu juna biyu ko masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Sai dai melasma tana da naci, takan dawo da zarar an koma shan rana babu kariya.

Ɗayewa ba ta ɗage fatar da ta saki saboda tsufa, ba ta cike tabo mai faɗi da zurfi, ba ta kuma goge tsagar gado. Ba ta maganin kyasbi ko makero, domin waɗannan cututtuka ne da ke buƙatar nasu magani. Haka nan duk wani baƙin ɗigo da ke girma, ko canja kama, ko zubar da jini, likita ya kamata ya fara dubawa, domin ɗaye shi na iya ɓoye alamar cutar daji.

Bambancinta da dilka da bilicin

Dilka da sauran kayan gyaran jikin amare da aka sani a Borno, Chadi da Sudan, waɗanda suka bazu ko'ina a Arewa, gogewa ce ta hannu. Suna cire mataccen ɓawon da ke can sama, kuma da an daina murzawa aikin ya tsaya. Asid kuwa yana ci gaba da ci bayan an ɗauke hannu. Haɗa su biyun a mako guda, kamar yadda wasu ke yi gab da biki, yana ninka raunin.

Bilicin kuma manufarsa daban ce. Mayukansa suna danne samar da melanin ne domin a canja launin jiki baki ɗaya, galibi da haidirokwinon, sitiroyid ko makuri. Ɗayewa ta likita tana neman daidaita launin da Allah Ya halicci mutum da shi ne, wato ta dawo da wurin da ya yi duhu ya yi daidai da sauran jiki. Hasken da ake gani bayan saɓa na sabuwar fata ne, kuma launin asali yana dawowa cikin makonni. Wanda ya ci gaba da maimaita ɗayewa domin ya riƙe wannan haske, ƙona kansa kawai yake yi a kai a kai.

A nan ne kasuwar mayukan ɗayewa da ake tallatawa a intanet ta zama abin damuwa. Ana sayar da su a kwalabe, wasu ba su da bayanin abin da ke ciki ko ƙarfinsa, ana kuma umartar mai saye ya shafe jiki sau da yawa a rana har fata ta saɓule. Shafa irin waɗannan a jiki baki ɗaya yana ƙara yawan sinadarin da ke shiga jini. Salisilik da ya yi yawa a jini yana haddasa ƙarar kunne, jiri da amai.

Dokokin Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, sun haramta sa makuri da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. A watan Fabrairun 2023 hukumar ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Alaƙar wannan da ɗayewa a fili take: fatar da ta daɗe tana shan man sitiroyid takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, warkewarta ta yi nawa. Asid ɗin da lafiyayyar fata za ta jure yana iya huda irin wannan fata. Ita kuma wadda haidirokwinon ya bar mata baƙin shati mai shuɗi-shuɗi a kumatu, ɗayewa ba ta cika yi mata amfani ba, domin launin ya nutsa can ƙasa.

Waɗanda bai kamata su yi ba

Likita yakan dakatar ko ya hana ɗayewa ga mai buɗaɗɗen rauni ko cutar fata mai ci a wurin, da wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, da mai juna biyu ko mai shayarwa, musamman idan sinadarin salisilik, TCA ko fenol ne. Wanda asfirin ba ya karɓar sa ya guji salisilik. Mai ciwon zuciya, hanta ko ƙoda ya nisanci fenol. Mai ciwon suga da bai daidaita ba da mai raunin garkuwar jiki suna cikin haɗarin jinkirin warkewa da shigar ƙwayoyin cuta.

Wanda ya sha ƙwayar aisotiretinoyin ta maganin ƙuraje cikin wata shida da suka wuce ya wajaba ya faɗa, haka ma wanda ƙuraje ke feso masa a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Ƙwayar cutar da ke haddasa su tana kwance ne a jiki, ɗayewa kuma na iya tayar da ita ta bazu a fuska. Saboda haka akan ba irin waɗannan mutane maganin rigakafi kafin matsakaiciyar ɗayewa ko mai zurfi. Mai amfani da man bilicin kada kunya ta sa ya ɓoye wa likita, domin wannan bayani ne zai sa a canja tsarin aikin gaba ɗaya.

Kafin aiki, lokacin aiki da bayansa

Shiri yakan fara mako biyu zuwa huɗu kafin ranar. Likita na iya rubuta man da zai kwantar da ƙwayoyin launi, tare da man kariya daga hasken rana. Ana daina cire gashin fuska da halawa ko reza, da gogewa mai ƙarfi, kwanaki kafin zama. Ga baƙar fata, yana da kyau a fara gwada sinadarin a ƙaramin wuri, kamar bayan kunne, a jira a ga yadda zai warke.

A ranar aiki ana wanke fuska, a goge maiƙo, a kare gefen ido, hanci da leɓe da man basilin, sannan a shafa sinadarin da auduga ko burushi. Ɗan raɗaɗi da zafi na mintuna abu ne da aka saba. Zogi mai tsanani, ko fari ya bayyana inda ba a nufa ba, alama ce ta a dakata nan take.

Bayan aiki, rabin nasara tana hannun mai fuskar. Saɓa takan fara a kwana na biyu ko na uku. Ba a ɓantarar ɓawon, ba a sosawa, sai a bar shi ya zube da kansa. Ana wanke fuska da sabulu mai laushi, a shafa mai mai riƙe danshi, a kuma shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama da haka kowace safiya, a maimaita idan za a daɗe a waje. Baƙar fata ma tana buƙatar wannan kariya, kuma mai ɗauke da ɗan launi ya fi amfani ga masu baƙin tabo, domin yana tare har hasken da ido ke gani.

Wannan sharaɗi ne ya kamata ɗan kasuwar da ke wuni a rumfa ko ma'aikacin da ke hawa babur zuwa ofis ya auna tun kafin ya biya kuɗi. Wanda ba zai iya kauce wa rana na mako ɗaya zuwa biyu ba, gara ya jinkirta zuwa lokacin hutu. Zafin murhu da busasshiyar iskar hunturu su ma suna fusata sabuwar fata. Amarya kuma kada ta yi ɗayewar farko a makon biki, sai dai watanni kafin lokacin. Idan aka ga bororo, mugunya, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa ko jan da ya ƙi wucewa, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba.

Wa ya cancanci ya yi aikin?

A Amurka, kwamitin masana da ke tantance sinadaran kayan kwalliya ya ƙayyade cewa mayukan gida masu gilaikolik ko laktik kada su wuce kashi 10 cikin 100, na shagunan kwalliya masu horo kuma kada su wuce kashi 30. Abin da ya haura haka aikin asibiti ne. A watan Yulin 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gargaɗi jama'a da su guji sayen sinadaran ɗayewa masu ƙarfi suna amfani da su ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda haɗarin ƙuna da tabo na dindindin.

Wata guda kafin wannan gargaɗi, wani matashi mai shekara 27 ya rasu a birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil bayan an yi masa ɗayewar fenol a wani shagon kwalliya da mai shi ba likita ba ce. Cikin watan hukumar lafiya ta ƙasar, Anvisa, ta dakatar da sayarwa da amfani da kayayyakin fenol wajen gyaran jiki.

A Najeriya akwai likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma wasu asibitoci masu zaman kansu. Duk likitan da ke aiki bisa ƙa'ida yana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Kafin mutum ya miƙa fuskarsa, haƙƙinsa ne ya tambayi sunan sinadarin da ƙarfinsa, zurfin da ake nufi, yawan zaman da za a yi da jimillar kuɗinsu, irin horon da mai aikin ya samu, ko ya saba da fata irin tasa, da kuma wanda zai ɗauki nauyi idan aka samu matsala. Wanda ya ce haɗinsa sirri ne, ko ya yi alƙawarin farar fata cikin kwana uku, ko bai tambayi tarihin lafiyar mutum ba, ya riga ya ba da amsa.

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Kuɗin gyara fuskar da asid ya ƙona yakan ninka na ganin likita tun farko, kuma wani tabon ba ya gyaruwa ko nawa aka kashe. Ga mai baƙin tabo ko ƙuraje, matakin farko shi ne a gano musabbabinsu, domin sau da yawa maganin shafawa da kariya daga rana sun wadatar. Idan likita ya ga ɗayewa ta dace, ƙa'idar baƙar fata ita ce a fara da mai sauƙi, a tafi a hankali, a kuma ba fata lokacin warkewa tsakanin zama da zama.